Rigar da ke riƙe mini hannu: wata 14 ina huda dekin da ita a Hamburg

Wata asuba cikin hunturun 2023 na miƙe zan tayar da salla. Na ɗaga hannuwa don kabbarar harama, na hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a daidai ƙirji. Wani zafi ya soke ni a kan kafaɗa kamar an tura mini tsinken tsire da aka ciro daga wuta. Haka na idar da sallar. Daga ranar kwanciya ta ɓangaren dama ta gagare ni, sa kaftani kuma sai uwargida ta kama hannun rigar ta zura mini a hankali. Shekarata 40 a lokacin. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san da wace irin kafaɗa na gwada rigar tallafin hannun da zan yi magana a kanta.

A Tsohuwar Panteka ta Kaduna na koyi walda. Na zo Jamus a 2016, yanzu ina aiki a Hamburg da wani ƙaramin kamfani mai kafa bututun ruwan kashe gobara. Bututun nan da kake gani jere a saman kanka idan ka shiga garejin ƙarƙashin ƙasa ko babban kanti, mu ne muke rataye su. Kowane bututu sai da maƙalai, kowane maƙali sai da rami a jikin dekin, ramin kuwa mutum ne zai ɗaga inji sama da kansa ya huda. Ranar da aiki ya cika nakan huda rami 150 zuwa 200. Injin hudar, haɗe da batirinsa da ɗan akwatin da ke zuƙe ƙura, yana kusan kilo biyar. Kilo biyar ba wani abu ba ne idan ledar shinkafa ce ka riƙo daga kanti. Amma ka ɗaga ta sama da kanka, ka danna ta cikin kankare, ka maimaita har sau ɗari biyu, gobe ma haka, jibi ma haka.

Likitan ƙashin da ya duba ni ya zana mini abin a takarda. Jijiyoyi huɗu ne suka lulluɓe kan ƙashin damtse suna riƙe da shi a gurbinsa. Ɗaya daga cikinsu tana bi ta wani matsattsen lungu a ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa kafaɗa rumfa. Duk sanda hannu ya tashi ya kai tsayin kafaɗa ko ya wuce, lungun yana ƙara tsukewa, jijiyar tana goguwa, jinin da ke isa gare ta yana raguwa. Sau goma a rana babu laifi. Shekara da shekaru kullum, sai ta kumbura, daga nan ta fara cinyewa kamar igiyar guga a bakin rijiya. Tawa ba ta kai ga tsinkewa ba, alhamdu lillahi. Na yi mako shida a gida ana yi mini gashi. Daga baya, a Afrilun 2025, Jamus ta sa lalacewar waɗannan jijiyoyi ta sanadin shekarun aiki mai tsanani cikin jerin cututtukan da hukuma ta yarda sana'a ce ke jawo su. Da na ji labarin sai na tuna yawan dattawan da na sani a wuraren gini, a nan da gida, waɗanda ba sa iya sa hula da hannu ɗaya.

A Satumban 2024 maigidanmu ya kawo riguna huɗu na gwaji. Jamusawa suna ce wa abin eksoskelet, wato ƙwarangwal na waje. Ni rigar tallafi nake kiranta, don abin da take yi ke nan. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera tamu ba. Ban zo talla ba, kuma na ari ta wasu kamfanoni biyu a hannun masu aikin wuta da muka haɗu a wurin gini, na tarar hanyarsu ɗaya ce, daɗinsu da matsalarsu ma kusan ɗaya.

Ana sa ta kamar jakar goyo ta 'yan makaranta. Akwai ɗamara mai faɗi da ke zama a kan ƙugu. Daga ita sanduna biyu marasa nauyi sun hau ta bayan haƙarƙari har saman kafaɗa, kowace ta lanƙwaso ta ƙare da wani ɗan matashi mai laushi da ake ɗaurewa a damtse, kaɗan sama da gwiwar hannu. Babu batir, babu inji, babu waya. Sifirin ne kawai a ciki, nauyinta duka bai wuce kilo biyu da rabi ba. Idan hannunka yana ƙasa, sifirin ɗin a ɗame yake, ba ka jin komai. Da ka fara ɗaga hannu sai ya soma sakin ƙarfin da ya tara yana tura damtsenka sama, turin kuma ya fi ƙarfi sa'ad da hannu ya kai tsayin kafaɗa ko ya ɗan gota. Da ka sauke, nauyin hannun naka ne ke sake ɗame shi.

Na sha wahalar yi wa mutanen gida bayaninta, har ranar da na nuna wa mahaifiyata ta kiran bidiyo. Ta dube ni na juya mata baya, na ɗaga hannu na sauke, sai ta ce, "Ai wannan majanyi ne, ɗan nan." Babu injiniyan da ya taɓa faɗa mini ita daidai kamar haka. Mace ta riƙe yaro a hannu, kafin minti goma ta gaji. Ta goya shi ta ɗaure da majanyi, sai ta wuni tana daka tana shara. Yaron bai rage ko awo ɗaya ba, mazauninsa ne ya tashi daga hannu ya koma gadon baya da ƙugu. Rigar nan ma ba ta ƙara maka ƙarfi. Tana kwashe nauyi daga ƙananan jijiyoyin kafaɗa ta sauke shi a kan ƙugu, inda ƙashi yake da faɗi kuma aka halicce shi don ɗaukar kaya.

Wane nauyi take kwashewa? Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har da ni da farko. Hannun mutum ɗaya, daga kafaɗa zuwa yatsu, yana kusan kashi biyar cikin ɗari na nauyin jikinsa. Ni mai kilo 80, kowane hannuna kilo huɗu ke nan. Tun kafin in taɓa inji, da zarar na miƙa hannuwa sama, kilo takwas nake riƙe da su. Yawancin abin da rigar ke ɗauke maka shi ne wannan, sai ɗan wani abu daga nauyin injin. Shi kansa injin har yanzu yatsunka ne ke riƙe da shi, tsintsiyar hannunka ce ke saita shi, kuma kai ne za ka danna shi cikin kankare.

Makon farko ban ji daɗinta ba. Akwai wani ɗan maɓalli da ake murzawa a ƙara ƙarfin sifirin ɗin ko a rage, ni kuwa na murza shi har ƙarshe, a tunanina gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon sauƙin da zan samu. Sai ya zama duk sanda zan sauke hannu in ɗauko maƙali daga aljihu, sai na yi kokawa da rigar. Kwana uku, ciwo ya bar kafaɗa ya koma ƙarƙashin hammata da gefen haƙarƙari. Wani dattijo ɗan Turkiyya da muke aiki tare, wanda ya taɓa sa irinta a wani kamfani, shi ya gyara mini. Ya ce in ɗaga hannu daidai kafaɗa babu komai a ciki, in sake shi gaba ɗaya. Idan ya faɗi da sauri, ƙarfin ya yi kaɗan. Idan ya ci gaba da hawa, ya yi yawa. Wurin da ake nema shi ne inda hannun zai tsaya cak, ko ya riƙa sauka a hankali kamar gashin kaza. Nawa ya faɗo kusan tsakiyar maɓallin. Ya kuma sassauta mini ɗaurin damtse, don na matse shi har yatsuna biyu suna yin sanyi. Wannan gyara na minti biyar shi ya raba ni da mayar wa maigida rigarsa. Biyu daga cikin abokan aikina ba su samu wanda ya zauna da su haka ba, kuma tun a mako na biyu suka rataye nasu a bayan mota.

A mako na uku na fara ganin bambanci, kuma ba da safe ba. Da safe kowa jarumi ne. Da can, idan ƙarfe biyu na rana ta wuce, kowane rami biyar sai na sauke inji na girgiza hannu, kafaɗa tana zogi kamar ana hura mata wuta. Da rigar nakan kai rami goma sha biyar ko ashirin kafin in ji buƙatar saukewa, kuma abin da nake ji gajiya ce irin ta mai aiki, babu wannan suka mai kaifi. Babban abin kuwa sai bayan an tashi. A jirgin ƙasa na komawa gida ina iya kama ƙarfen sama in tsaya. Ƙaramar 'yata takan rugo ta tarye ni a bakin ƙofa, na fi shekara ina durƙusawa in rungume ta a ƙasa, yanzu ina ɗaga ta sama ta taɓa fitila. Kabbara ta dawo daidai kunne. Kwanciya ta dama ta ɗan jima, sai bayan wata uku. Ba zan ce rigar ce ta warkar da ni ba, domin ban taɓa barin atisayen da mai gashi ya koya mini da igiyar roba ba, kullum bayan asuba minti goma. Abin da na tabbatar shi ne ta hana ni rushe da rana abin da na gina da safe.

Tana da nata wahalhalun, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko zufa. Ko a sanyin Hamburg, bayana da damtsena sukan jiƙe a inda ta kwanta. A watan Yuli, a bene na sama da ba a sa tagogi ba rana tana dukan kankare, fatar damtsena ta yi ja har ta fara saɓulewa, sai da na koma sa riga mai dogon hannu marar kauri a ƙarƙashi. Ana cire matasan a wanke, kuma lallai a wanke su duk mako. Idan mutum biyu za su riƙa karɓa-karɓa da riga ɗaya, kowa ya mallaki nasa matasan, in ba haka ba ƙuraje suna nan tafe. Kuma duk sanda ta sauya mai sawa sai an sake saita tsawon baya da ƙarfin sifirin, abin da ba wanda yake yi cikin gaggawar safiya.

Na biyu, tana ƙara maka faɗi, jikinka kuma bai san da haka ba. Kafaɗunka sun ƙaru da ɗan yatsa uku kowane gefe. A fili babu damuwa. A lungun da bututun iska da na wuta da namu suka cunkushe, sandar takan maƙale. Sau ɗaya ta kama wani ƙarfe ina kan injin ɗagawa, na juyo da sauri ta fizge ni baya. Shingen injin ne ya tare ni. Tun daga ranar ba na shiga matsatsi da ita, ba na hawa tsani mai tsawo da ita, kuma a inda doka ta ce sai da ɗamarar hana faɗuwa nakan cire ta, don igiyoyin biyu suna neman wuri ɗaya a kafaɗa da ƙugu. Haka idan aikin yinin na ƙasa ne, yankan bututu ko ɗaukar kaya daga mota, ba ta da amfani, kaya ce kawai a jiki.

Ga masu salla: alwala ba ta buƙatar a cire ta, tunda ɗaurin yana sama da gwiwar hannu, sai dai ka naɗe hannun riga tun kafin ka sa. Sujada da zaman tahiya kuwa ba sa yiwuwa da ita cikin natsuwa. Cirewa bai kai rabin minti ba idan ka saba, mayarwa kusan minti ɗaya.

Sai abubuwan da ba ruwanta da su sam. Wuya yana nan a lanƙwashe kana kallon sama. Ƙurar kankare tana nan, wadda ita ce ke cinye huhu a hankali, don haka akwatin zuƙar ƙura da takunkumi ba su da madadi. Karkarwar inji, wadda kan sa yatsun tsofaffin ma'aikata su yi fari su mutu a lokacin sanyi, ita ma tana shiga tafin hannu yadda ta saba.

Wani abu da ya ba ni sha'awa da na bi tarihin waɗannan riguna shi ne yadda ƙarama ta riga babba isa wurin aiki. Tsakanin 1965 da 1971 kamfanin General Electric na Amurka ya yi ta fama da wata ƙatuwa mai suna Hardiman, wadda aka so ta sa mutum ɗaya ya ɗaga kilo 680. Ba a taɓa kunna ta gaba ɗaya da mutum a ciki ba, saboda motsinta ya ƙi saituwa. Aka shekara kusan hamsin kafin abin ya shiga masana'antu da gaske, kuma da ya shigo, da sifirin ya shigo. Kamfanin motoci na Ford ya gwada wata mai suna EksoVest a 2017, a 2018 ya kai ta masana'antunsa 15 a ƙasashe bakwai. Ford ɗin ya ce wasu ma'aikatansa masu ɗaure kaya a ƙarƙashin mota suna ɗaga hannu har sau 4,600 a rana. A nan Jamus kuwa Ottobock ne, kamfanin da aka kafa a 1919 don ƙera ƙafafu da hannuwan roba ga sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nakasa. A 2018 ya fitar da tasa rigar kafaɗa da ba ta kai kilo biyu ba, wadda ya gwada tare da Volkswagen, a 2020 kuma ya haɗa kai da Hilti, kamfanin da ke ƙera kayan aikin gini, aka yi wadda ta dace da wuraren gini. Mutanen da suka shekara ɗari suna auna jikin wanda ya riga ya rasa gaɓa, su ne suka juyo suna neman yadda mai gaɓa zai tsira da tasa. Wannan ya zauna mini a rai.

Akwai iri na biyu da na gwada, kuma shi ne ainihin mai ɗaukar injin kansa. A bazarar 2025 muka samu aikin gyaran wani tsohon sito, inda sai mun fasa bango mai kauri a wurare da yawa don bututu ya wuce. Injin fasa kankaren yana kai kilo 12. Riƙe shi a kwance daidai ƙirji na minti biyu kawai yakan sa hannu rawa. Maigida ya yi hayar wata na'ura ta mako uku. Ita ma goya ta ake yi, amma daga bayanta wata sanda ta tashi ta lanƙwaso ta saman kai, igiya ta sauko daga bakinta a gabanka, ka rataye injin a jiki. Wannan tana da batir da ɗan inji mai jan igiyar daidai nauyin abin da ka rataya, an rubuta tana ɗaukar har kilo 17. Duk wanda ya taɓa ganin jigo a fadama ya gama gane ta: guga cike da ruwa, amma yaro ma yana ɗaga shi da hannu ɗaya saboda nauyin da ke ɗaya bakin sandar. Jigo nake kiranta, har wani ɗan'uwa ɗan zangon Kumasi da ke aikin rushe-rushe a wurin ya ɗauki sunan.

Dabarar ta samo asali a wurin da ba a zata ba. A 1975 wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Garrett Brown, ya ƙirƙiro Steadicam, hannun ƙarfe mai sifirin da ake ɗaurawa a jiki ya riƙe kyamara mai nauyi ba tare da ta girgiza ba. Daga baya aka ɗauki irin wannan hannu aka ɗora masa giranda da injin huda. A 2014 rundunar sojan ruwan Amurka ta karɓi wata mai suna FORTIS daga kamfanin Lockheed Martin don gwadawa a wuraren gyaran jiragen ruwa, mai riƙe kayan aiki har kimanin kilo 16. Ita tana da sanduna da ke bin ƙafafu har ƙasa, nauyin ya wuce mutum ya sauka a daɓe. Wadda muka yi haya a ƙugu ta tsaya.

Minti na farko da jigon abin mamaki ne. Na saki injin kilo 12, ya tsaya a iska a gabana, na tura shi da yatsu biyu ya tafi. Aikin da da sai mu biyu muna karɓar juna duk bayan 'yan mintuna, na yi shi ni kaɗai kusan rabin awa ban sauke ba, kuma ramin ya fita a miƙe tunda hankalina yana kan saiti, ba kan riƙo ba. Amma lissafi ba ya ƙarya. Ita kanta na'urar ta kusa kilo takwas, ga inji kilo 12, kilo ashirin ke nan a kan ƙugu da gwiwoyi. Da yamma hannuwa lafiya lau, kwankwaso da cinyoyi su ne suka san an yi aiki. Injin yana gaba, nauyinsa yana janyo ka, sai ka riƙa ɗan jingina baya ba ka sani ba. Sandar saman takan daki silin a garejin da bai da tsawo, ga batir da sai an tuna an yi caji. Don hudar sama ba ta yi mini ba ko kaɗan, tunda injin ba zai wuce bakin sandar da yake rataye a jiki ba. Hukuncina a kanta: idan aikinka fasa bango ne ko huda shi, daga tsayin ƙugu zuwa fuska, a fili mai sarari, na kwanaki a jere, ka yi hayarta, za ka gode. Saye kuwa sai kamfanin da wannan ne abincinsa kullum.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubuta duk wannan. Wata biyu da fara sa rigar kafaɗa, mai kula da wani gini da muke yi wa aiki ya lura ba ma yawan tsayawa. Ya ce tunda an saya mana riguna, benen da muke gamawa a kwana biyar mu gama shi a huɗu. Muka yi. Kafaɗa ba ta ce komai ba. Wuyana ne ya ƙage har ba na iya waiwaye, tsintsiyar hannu ta kumbura, yatsu suna zuga da dare. Sai na gane wani abu: zogin kafaɗar nan da nake tsana, shi ne mai gadin sauran gaɓoɓin. Shi ke sa in sauke inji, wuya ya miƙe, yatsu su huta. Rigar ta rufe bakin mai gadi, ɓarayi kuwa suna nan. Jiki ya fi kunne ji. Muka kai wa maigidanmu magana, Allah Ya saka masa, ya tsaya mana. Ya mayar da kwana biyar, ya kuma sa doka: awa biyu kana huda, ka sauka ka koma yankan bututu, wani ya hau, ko ka gaji ko ba ka gaji ba.

A ƙa'idar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Jamus akwai jeri da ake bi. A fara neman na'urar da za ta ɗauke wa mutum aikin mai cutarwa. In babu, a sauya tsarin aikin. Abin da ake ɗaura wa mutum a jiki shi ne na ƙarshe. Don hudar dekin akwai sandar tokare da ake kafawa a ƙasa, a ɗora inji a kanta, ka danna mariƙi kana tsaye hannunka a ƙasa. Akwai ma mutum-mutumi mai hudar silin, irin Jaibot da Hilti ya fitar a 2020, wanda sai manyan ayyuka ke iya ɗaukar kuɗinsa. A garejin da dekinsa yake a shimfiɗe babu cikas, sandar tokaren nan ta fi rigata amfani nesa ba kusa ba, kuma ta fi ta araha. Rigar tana cin moriyarta ne a inda sanda ba ta shiga, da kuma aikin da ke biyo bayan huda: ɗaura maƙalai, ɗaga bututu, juya noti, duk hannu a sama.

Kuɗinta bai kai Yuro 2,000 ba a yadda maigida ya sayi tamu, wanda a canjin lokacin ya haura naira miliyan biyu. A nan, inda mako shida na ma'aikaci a gida ya fi wannan tsada ga kamfani, lissafin a bayyane yake. A wata 14 abin da ya lalace a tawa ɗinkin matashin dama ne kawai, aka sauya shi. Sifirin ɗin yana nan yadda yake.

Kwanakin baya na kira maigidana na Panteka, wanda ya koya mini riƙe sandar walda. Shekarunsa sun haura saba'in, ya yi rayuwarsa yana walda ƙarfen rufi da tankunan sama, yau hannunsa na dama ba ya wuce ƙirji. Na nuna masa rigar, ya sa na juya ta gaba da baya, ya sa na kusanto da gaɓar kafaɗar jikin waya. Ya yi shiru, sa'annan ya ce, "Yaro, wannan ai yaranmu za su iya ƙera ta."

Na ce, "Baba, sandunan da ɗamarar ba za su gagare su ba. Wuyar tana cikin wannan 'yar gaɓar."

Domin ba sifirin kawai ake ɗaurawa ba. Dole turin ya zama babu shi idan hannu yana ƙasa, ya hau a hankali, ya kai ƙarshe a daidai kafaɗa, ya sake sauka. Dole kuma gaɓar ƙarfen ta bi kafaɗa duk inda ta juya, ita kuwa kafaɗa ba a wuri ɗaya take juyawa kamar ƙyauren ƙofa ba, allon baya ma yana tafiya tare da ita. Idan aka kuskure wannan, rigar za ta riƙa murɗe gaɓar da aka ce ta kare. Na san hannun mutanen Panteka, na ga sun kalli inji sau ɗaya sun fitar da irinsa. Amma wannan sai sun zauna da mai gashin ƙashi, su auna, su gwada a hankali.

Baba ya ce akwai jikansa da ke aikin silin na fiyofi, shekararsa 24, ya riga ya fara shafa man zafi kowane dare. Na tuna masu fenti, da masu wayarin, da makanikan da ke wuni a rami mota tana samansu. Ɗaya daga cikin rigunan nan biyu da aka rataye a bayan mota, na roƙi maigida ya sayar mini, ya bar mini ita a rabin kuɗi ina biya wata-wata. A Disamba in Allah Ya kai mu zan taho da ita Kaduna. Zan zauna da yaron in saita masa ita da hannuna yadda dattijon nan ya saita mini, in bar masa matasai na canji guda biyu, da sharaɗin awa biyu ya sauka. Na ce masa ya riƙa rubuta mini abin da ya ji duk mako, musamman idan zafin Afrilu ya shigo, don zufar da na yi a Yulin Hamburg ba ta kama ƙafar wadda zai yi ba.